Ɗinkin Kadidia a Kan Makulli

Nomau shofer ne, wato direba, tun lokacin da Nasara ke zuwa yawon buɗe ido Agadez. Mutum ne mai tsadar magana. In ka gaishe shi ya amsa, to ka gama jin labarinsa na ranar. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya koma dakon kaya da motarsa kat-kat, irin mai makullin da ake latsawa daga nesa ƙofa ta buɗe.

Matarsa Kadidia aikin fata take yi, kuma ba ta yarda da abin da ba shi da kube. Wuƙa, madubi, rediyo, duk ta yi musu sutura. Ranar da makullin ya shigo gidan ta jujjuya shi, ta ce wannan roba ba za ta kai labari a aljihun Nomau ba. Ta naɗe kan makullin da jar fata mai laushi, ta ɗinke ruf kamar laya. Ba wanda ya gaya mata akwai pil, wato ɗan batir, a ciki, domin shi ma mai motar bai sani ba. Ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ruwa kuma ya ƙi zuwa, Nomau ya samu aikin kai hatsin agaji Dabaga. A nan pil ya mutu. Ya latsa, shiru. Ya sa makullin a ƙofa ya murɗa da hannu, ta buɗe, amma motar ta ɗauka ɓarawo ne, ta kama kururuwa. Kullum haka. Awakin da yunwa ta kwantar ma sai sun miƙe.

A shingen sojoji na bakin gari, in ya sauka nuna takardu motar kan kulle kanta, ya dawo ya buɗe, ta sa ihu. Rannan sarjan da ke shingen ya gaji.

"Tsoho, gobe in motarka ta yi mini wanga kuka, nan za ta kwana, har da hatsin."

Nomau ya tafi kasuwa wurin Illo mai gyaran agogo. Illo ya latsa, ya kai kunne.

"Pil ne, Malam Nomau. Yanzu-yanzu. Sai dai a yanke ɗinkin ga."

Ya ɗauko sabon pil, ya ɗora reza a kan zaren. Nomau ya zuba wa ɗinkin ido. Ya san wurin da baƙin zare ya ƙare mata ta ƙarasa da kore, tana mita. Sauran aikinta duk an sayar ko an rabar, wannan ne kaɗai ya rage a hannunsa. Kewarta ta taso masa.

"Dakata," in ji Nomau.

Ya karɓi makullinsa, ya sayi pil ɗin ma, don kada a ce ya ɓata wa mutum lokaci. Daga nan ya zarce gareji, ya sa Amadou makanike ya tsinke wayar da ke sa motar kuka.

Washegari ya wuce shingen tsit. Sarjan ya ce, "An canza pil ɗin ke nan?"

"An gyara," in ji Nomau.

Hatsi ya isa Dabaga. Pil yana nan a aljihunsa, cikin ledarsa. Har yau in ya nufo motar sai ya fara latsa fatar, daidai inda ta yi baƙi, sannan ya sa makullin a ƙofa ya murɗa.