Na Sayar da Gidana na Kaduna Saboda Arahar Gero

Lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaci ne mai kula da sito a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, na yi shekara talatin da wani abu a bakin aiki, ina dab da yin ritaya. Asalina mutumin wani ƙauye ne kusa da Aujara, Fulani ne mu da suka zauna, muna noma muna kiwo. Aikin sito ya koya min hali guda wanda na ɗauka basira ce. Na ga yadda mutum zai shigo da fara'a da doguwar gaisuwa, ya fita da abin da ba nasa ba. Saboda haka duk wanda ya ba ni shawara, kafin in saurari abin da ya faɗa sai in fara tambayar kaina me zai samu a ciki. Da wannan halin na zauna lissafin inda zan ƙarasa rayuwata.

Ina da ɗan gidana a Kaduna, ɗaki huɗu da rijiya. Maiɗakina tana ɗinki, matan unguwa duk ita suke kawo wa, kuma tana da hawan jini da ciwon suga, asibitin da take zuwa da ƙafa ake isa. Amma tun da aka cire Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birni raina yake can. Da aka yi tashin hankalin nan na Kaduna a kan batun shari'a, sai na ce shi ke nan, gida zan koma. Na ɗauki takarda na raba ta biyu, gefe guda Kaduna, gefe guda Dutse, ina rubuta kuɗin kwanon gero, da nama, da itace, da man gyaɗa.

Ina da yaya, ɗan baffana, wanda gonar gadona da shanun da mahaifina ya bar min suke hannunsa tun ina saurayi. Da ya ji labari sai ya hau mota ya zo har Kaduna, mutumin da bai son tafiya. Ya ce kada in sayar da gidan. In sa haya a ɗaki biyu, in je Dutse in kama haya ta shekara guda in gwada, in ga rani in ga damina tukuna. Ya ce Dutsen da na sani ba ita ce ta yanzu ba, ma'aikata sun cika gari, komai ya tashi, ruwa ma a wasu unguwanni saye ake. Ya tambaye ni wa zai riƙa duba matata, kuma fanshon nawa a ina zan riƙa karɓa. Ina jin sa ina gyaɗa kai, amma a zuciyata cewa nake: ba ya son in matso kusa ne, don kada in ga abin da ya yi da shanuna. Da zai tafi na ga maiɗakina ta ba shi turmin atamfa ya kai wa iyalinsa, sun ɗan tsaya suna magana a zaure ƙasa-ƙasa. Da ta dawo ta ce ita ma shawarar Yaya ta fi kwanta mata, sai na tabbatar wa kaina cewa haɗa baki suka yi.

Ban gaya wa kowa ba na shirya na tafi Dutse in gani da idona. Kuskurena na farko ke nan da ban gane ba sai daga baya: da kaka na je. Na shiga kasuwar Shuwarin na tarar da gero da dawa da wake jibge, kuɗinsu bai kai na Kaduna ba ko kusa. Na cika takardata ina murmushi, ina cewa to ga ƙaryar Yaya ta fito. Na dawo na sayar da gida cikin gaggawa, a lokacin da kowa yake sayarwa, wato da araha. Na haɗa da garatutina, kuɗin sallamar ritaya, na sayi wani gida a bayan gari a Dutse, ba rijiya, ba famfo. Maiɗakina ta naɗe kekenta na ɗinki a cikin bargo muka loda a mota.

Wata uku na farko na ji daɗi. Daga nan abubuwan da babu su a takardata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa kullum sai mun saya wajen 'yan garuwa, da zafi ya shigo kuma suka ƙara kuɗi. Geron nan da ya ja ni, kafin damina ta yi nisa ya ninka. Ɗinki ya tsaya, domin ba wanda ya san matata a garin, matan ma'aikata kuma Kano suke kai nasu. Likitan da zai duba ciwonta sai mun je Kano, kuɗin mota na mutum biyu, ga magani. Fansho kuma sai a yi wata da watanni bai zo ba, in an kira tantancewa in tafi Kaduna, garin da nake da gida a da, in kwana a ɗakin wani tsohon abokin aiki ina jin kunya. Sannan duk wanda ya taso daga ƙauyenmu zai zo sakatariya ko asibiti ko neman aiki, gidana ne masauki. Ba ka korar ɗan'uwa, ba ka kuma ba shi abinci rabin ciki. Har su na fara zargi, ina cewa Yaya ne yake turo su don ya ga ƙarshena.

Da hannuna ya bushe sai na tuna da shanu. Na zauna na yi lissafi irin na sito, kowace saniya haihuwa ɗaya a shekara, na tara na fitar da garke guda a takarda. Na je ƙauye na ce a koro min su in gani. Abin da na tarar bai kai rabin lissafina ba. Yaya ya yi min bayani a natse, ya ce akwai shekarar da ciwon huhu ya shiga, akwai waɗanda aka yanka don sun karye, akwai wadda ni da bakina na ce a sayar lokacin auren 'yata. Ban yarda ba. Na kai maganar gaban dagaci, a gaban dattawan gari da 'ya'yansa manya, na ce sai dai ya rantse da Alƙur'ani. Dagaci ya roƙe ni in bari, na ƙi. Har yau ina ganin yadda dattijon nan ya tashi ya yi alwala, ya dafa ya rantse. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ka samu natsuwa yanzu?" Washegari da hantsi 'ya'yansa suka koro shanun gaba ɗaya har ƙofar gidana a Dutse, suka gaishe ni da ladabi suka juya.

A nan na koyi abin da takarda ba ta koya min ba. Rani ne, ba makiyaya kusa, ba ruwa. Na shiga sayen harawa da dusa da ƙaiƙayi, ina sayen ruwan garuwa ina ba shanu. Cikin wata biyu suka cinye abin da ba mu ci ba ni da iyalina a rabin shekara. Biyu suka kwanta suka mutu a gabana duk da maganin da na saya. Ragowar na kai kasuwa a rame na sayar yadda aka taya. Ranar ina dawowa a bayan mota na yi wani lissafin daban: mutumin nan ya yi shekara talatin yana ciyar da su kowane rani daga aljihunsa, bai taɓa aiko min da cewa in kawo ko sisi ba.

Ciwon maiɗakina ya tsananta a shekara ta biyu, dole ta koma Kaduna wajen 'yarmu, kusa da asibitinta. Tana can har yanzu, ina zuwa in na samu kuɗin mota. Kafin ta tafi na tambaye ta abin da suka faɗa da Yaya a zaure ran nan. Ta ce roƙonsa ta yi ya lallashe ni, shi kuma ya ce ta yi haƙuri ta bi ni, ko me na yanke.

Na je na nemi gafararsa a gaban dagacin da dattawan. Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san da gaske yake, domin duk kaka sai ya aiko min da buhun gero daga gonarsa. Sai dai abu guda bai dawo ba. Yanzu ko lokacin shuka na tambaye shi, ko wace gona zan sa wa taki, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk yadda ka gani."

Ina rubuto wannan ne saboda 'yan'uwana ma'aikata da ritaya ta gabato. Komawa gida ba laifi ba ne, amma kada ku auna gari da kuɗin hatsi kawai, kada kuma ku auna shi a wata guda. Ku tambayi ruwa, ku tambayi asibiti, ku duba sana'ar matanku, ku duba nisan inda haƙƙinku yake fitowa, kuma kada ku sayar da inda kuke kwana sai kun yi shekara a inda za ku. Wanda ya taso takanas ya gaya muku abin da ba ku son ji, ku saurare shi kafin ku fara neman abin da yake ɓoyewa. Ni na yi asarar gida da shanu, waɗannan na haƙura da su. Abin da yake ci min rai shi ne, a shekarun da na fi bukatar mai gaya min gaskiya, ni da kaina na rufe bakinsa.