Kyauta Mai Lalle da Itacen Hassana

A Rimawa ta ƙasar Goronyo, zamanin da Bature ke mulki, da wuya a yi biki ba a bi ta gidan Kyauta ba. Lalle take nomawa a wani ɗan fili bayan gidanta, gab da fadama, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Darni ɗaya ya raba gidanmu da nata, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsince shi ba.

Gajeruwa ce, mai kaifin harshe, ba ta iya lallashi ba. Idan aka sa ranar biki, uwar amarya kan zo tun kafin girbi. Kyauta ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, sannan ta tambaye ta hannu nawa da ƙafa nawa za a ƙunsa. Mu kuwa mata kun san halinmu: sai a jero ƙawaye da 'yan uwa da dangin dangi, kamar 'yar sarki za a aurar. Kyauta ta bar ki ki gama tsaf, sannan ta tambaye ki abin da ke cikin rumbunku. Daga nan sai ta zaftare rabi, ta ce daidai ruwa daidai tsaki. Da yawa sun fita gidanta suna ƙunƙuni, bayan biki kuma suka dawo godiya, domin an watse an bar su da abin tuwo. Gero take karɓa, ko albasa, ko man shanu daga matan Fulani, wani lokaci anini.

Ganyen lalle ba shi da tsada. Furen ne mai tsada, don itacen da ake yanka a kai a kai ba ya samun sukunin yin fure, sai an ƙyale shi, an haƙura da ganyen da zai bayar. Wadda ke son fure sai ta kawo ƙyalle daga zanen amarya, Kyauta ta ɗaura wa itace ɗaya. Daga ranar itacen ya zama na wannan amaryar, ko matar hakimi ce ta zo ba za ta samu reshe ba. Ranar biki a tsinko furen, ƙanana farare, a soka a kitson amarya, a zuba saura a kusurwoyin ɗakinta. Wanda bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba, ba zan iya kwatanta masa ƙamshin ba.

Wata shekara Safara'u ta zo daga Sisawa ta ƙasar Wurno. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Hassana, wadda aka yi wa baiko da Halliru, ɗan Kyauta na fari, kuma shi kaɗai Allah ya raya mata. Muka ce yau za mu ga sassauci. Ina! Yadda take zaftare wa kowa haka ta zaftare wa surukarta. Safara'u ta ce ita ba ta da ƙarfin fure, ganye ya ishe ta. Kyauta ta ce ta kawo abin da ya samu, don ba ta ɗaura ƙyalle a bashi, ba ta kuma ɗaura shi a banza, kada gobe a ce alfarma aka yi wa yarinya. Safara'u ta kawo ƙwaryar wake, aka ɗaura wa itacen da ya fi kowanne kyau ƙyallen shuɗi.

Ba a kai ga girbi ba aka zo ɗibar soja. Aka ce kowane gari ya ba da samari, Halliru yana ciki. Daga baya muka ji an tsallaka teku da su zuwa wata ƙasa wai ita Bama. Kyauta ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ɗan fari ne, da kunya. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce yaron nan. Washegari ta ɗauki tulu ta ba itacen Hassana ruwa kamar kullum.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Itacen da ba a yanka ya zarce darni, ya yi ƙaya, ya riƙa fure yana zubarwa a ƙasa. Ƙamshin yakan shigo har ɗakina, kuma gaskiya na tsane shi, don duk ya shigo sai gabana ya faɗi. Shekarar da lalle ya yi wuya, matar wani falke ta taso tun daga Wurno ta yi tayi mai tsoka. Kyauta ta nuna mata ƙyallen, wanda rana ta riga ta cinye launinsa, ta raka ta bakin ƙofa.

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka fara dawowa da akwatuna da manyan takalma. Mode, mijin Kyauta, ya bi su har Rabah yana tambaya. Wani ya ce ya bar Halliru kwance da zazzaɓi, wani ya ce bai san shi ba. Liman ya ba da shawara a tara mutane a yi masa addu'a, Kyauta ta ce wa ya ga gawa? Ba a sake tayar da maganar ba. Kowa a garin ya gane cewa muddin ƙyallen nan na ɗaure, a wurinta yaron yana hanya.

Hassana ta yi jira har ƙawayenta suka yi goyo na biyu. Ni ban ga laifinta ba, ban kuma yarda wani ya gani ba. Da wani Abdulƙadiri, mutumin garin Maikujera, ya fito nemanta, ta amince, aka sa rana. Kunya ta hana Safara'u tako Rimawa, sai ta aika a sayo mata lalle a kasuwar Goronyo. Wata mai tallan nono ce ta kawo wa Kyauta labarin, ba da nufin komai ba.

Kwana biyu suka wuce. Sannan wata safiya na ga Kyauta ta shiga filin lallen da lauje. Ta tsince furen tukuna, a hankali, cikin ƙwarya, ta rufe da faifai. Ta kwance ƙyallen, ta sassare rassan har ƙaya ta tsattsage mata hannu. Ta shanya ganyen, ta daka, ta tankaɗe. Mode ya roƙe ni in raka ta, muka ɗora wa jaki muka kama hanyar Sisawa.

Safara'u na ganin mu ta durƙushe a tsakar gida tana kuka.

"Innar Halliru, da wane ido ni ka dubin ki? Mi kika ɗauko haka?"

"Tashi," in ji Kyauta. "Ƙyallen wa anka ɗaura? Na ɗiyakki na, ba na ango ba. Kin biya tun dauri, ga kayanki."

Ta sa aka kira Hassana, wadda ta shigo kanta a ƙasa. Da hannunta ta soka mata furen a kitso, ɗaya bayan ɗaya, ta sa mata albarka, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai amfani. Aka yi aka yi ta tsaya biki, ta ce ta bar awaki ba kowa. Muka kamo hanyar gida, tausayinta ya cika ni.

Da la'asar muka iso, muka tarar da Mode zaune a zaure. Ta tsaya a gabansa, igiyar jaki na hannunta.

"Malam, ka tahi wurin Liman. A tara mutane a yi ma yaron ga addu'a."

Mode ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta juyo ta ce in ara mata tabarmi da babbar tukunyata, gobe za a zo gaisuwa.