Neman Kabarin Inna a Gwaram

Mun tashi da asuba daga tashar Birnin Kudu, ni da ƙanena, a wata bas da sai an tura take tashi. Gwaram muka nufa. Inna ta rasu da damina ina Fatakwal wurin aikin bututun mai, ban samu jana'izarta ba. So nake in tsaya a kan kabarinta.

Kwalta ta ƙare mana da wuri, sai gargada. A wani ƙauye muka sha fura da nono mai sanyi, mai furar kuwa ta ƙi sabon kuɗi, wai ita sule ta sani, naira ba ta yi mata kama da kuɗi ba.

A cikin bas, kusa da ni wani malami ne da ya yi karatu a Masar. Ya ce kaburburan sarakunansu na dā ɗakuna ne cikin dutse, wasu na zaton akwai ɓoyayyun ɗakuna bayan bango. Wani sarkin ma, in ji shi, a kabarin wani aka sa shi, aka kankare sunan na farko. Direba ya ce, "To Malam, ranar tashin alƙiyama wa zai ce ɗakinsa ne?" Aka yi dariya. Ni dai na yi ta tambaya, don ban taɓa jin haka ba.

Da muka isa Gwaram, a maƙabarta muka rasa wurin. Fasasshiyar tukunyar da ƙanena ya kafa alama ruwa ya tafi da ita, ciyawa ta rufe ko'ina. Muka yi ta zagaye har rana ta take.

Wani dattijo mai haƙar kabari ya zo, muka gaya masa.

"Tsohuwar nan mai sayar da daddawa? Ku biyo ni."

Ya kai mu, ya nuna mana wurin. Na ce, "Baba, ta yaya ka gane?"

Ya ce ranar da suka haƙa, sun faɗa kan tsohon kabari. Suka tattara ƙasusuwan gefe guda, suka rufe su da ƙasa, suka kwantar da Inna. Irin wannan wuri ba ya mantawa. Na tambaye shi ko na wane ne, ya ce tun kafin a haife shi ne.

Na durƙusa na yi addu'a, na haɗa da mai wurin.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koyo bai da yawa: na tafi da mamaci ɗaya a zuciyata, yanzu biyu nake yi wa addu'a, ɗayan ko sunansa ban sani ba.