Inabin da Bai Yi Shuɗi Ba

Nea Pintilie, wato Kawu Pintilie a harshenmu, maƙwabcina ne tun ina amarya, mutum mai zuciyar kirki da taurin kan jaki. A ƙauyenmu da launi ake auna manomin inabi. Ruwan bazara na sauka sai a jiƙa shuɗin dutse, wani maganin tagulla, a ganga, a feshe ganye don kada fumfuna ta ci. Gonar da ta yi shuɗi, mai ita ya cika namiji. Wadda ta zauna kore shar kuwa, mai ita zai sha gulma a ƙofar coci.

'Yarsa tilo, Rodika, ta karanta aikin gona. Ta dawo da wani magani na tutiya, ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi, an niƙe shi har ido ba ya ganin ƙwayarsa. Ta ce shuɗin dutse ya taru a ƙasarmu yana kashe tana, nata kuwa ɗan kaɗan ya isa. Ta roƙi babanta layukan inabinsa na bakin hanya ta yi gwaji. In ya yi kyau, tashar bincike ta gundumarmu za ta riƙe ta aiki. In ba haka ba, sai Italiya wajen innarta, jinyar tsofaffi.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo, kada ka taɓa layukan nan."

"Na ji. Ni yaro ne?"

To, maganin nata ba ya barin launi ko kaɗan, ga layukan a idon kowa. Toader, abokin wasansa, kullum sai ya tsayar da keken dokinsa.

"Pintilie, ka yi ritaya ne ba ka faɗa mana ba? Ko ruwan albarka 'yar taka ta yayyafa?"

Nea Pintilie ya yi ta haɗiye zolayar, har tuwon masara ya daina shiga masa. Da aka kwana biyu ana tafka ruwa, sai na hango shi ta kan shinge, famfon feshi a bayansa, yana tsakiyar layukan yana fesa musu shuɗin dutse.

Na ce, "Nea Pintilie, yarinyar fa?"

"Veta, ki ji da kajinki. Taimaka mata nake yi."

Wallahi har ransa haka ya ɗauka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Asabar Rodika ta sauko daga bas, tun daga titi ta ga shuɗi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsinki ganye ɗaya, ta juya shi, ta ce, "Baba, da ka bar su sun ruɓe ma, da na sami abin rubutawa."

Gwaji ya tashi a banza, damar kuma ba ta jira wata shekara ba. Kafin kaka ta tafi. Can ta yi aure, can ta haihu, yaran ko harshenmu ba sa ji sosai.

Layukan nan kuwa a shekarar suka yi 'ya'yan da ba mu taɓa ganin irinsu ba, ko ɗigon cuta babu. Nea Pintilie bai iya cin ko guda ba. Har ya kwanta ciwon ajali, duk malamin gonar da ya ratso ƙauyen sai ya riƙo masa hannun riga ya tambaya, nata ne ya yi aikin ko nawa? Kowa sai ya ce masa yanzu kam ba mai iya sani.