Madam Émilienne, Wadda Ta Hana Mu Watsa Ruwa

Duk mazaunin unguwar Rumde Ajiya a Garwa ya san ƙarar keken Madam Émilienne. Da hantsi takan jingine shi a ƙofar ƙaramin asibitin unguwa, ta sa farar rigarta, ta bi layi da gaisuwa: Fillanci ga wannan, Faransanci ga likita, mu kuma ta ba mu Hausar kasuwa da ta sauko da ita daga duwatsun Poli. Shekara ashirin da biyu ke nan. Wata mai kamawa za ta ajiye aiki, na ce ba za ta tafi shiru ba, ko da rubutun nawa na dillalin shanu ne.

Allura dai kowace nas tana yi. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne gane mutumin da jikinsa ke gabanka, shi kuwa ya tafi.

Hayatu mahauci, kwale-kwale ya kife da su a kogin Binuwai da damina. Shi ya fita, ƙaninsa bai fita ba. Da ya koma mayanka, yana cikin fiɗa sai ya sandare, wuƙa a hannu, ido buɗe, a kira sunansa kamar da wani ake. Mu kuwa manyan masana, me muka sani game da wanda ya suma? Bokitin ruwa! Mu sheƙa masa, ya ƙara nisa, mu ƙaro bokiti. In ya dawo ya tambayi wa ya jiƙa shi. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Ƙarshe Sarkin Pawa Dauda ya ce ran Juma'a zai karɓe wuƙar, kada a yi ɓarna. Mahauci mai 'ya'ya shida, ba wuƙa.

Dela matar Hayatu ce ta kai kuka asibiti. Madam ta zo mayanka da kanta, ta tsaya gefe tana kallo. Ana fara kwarara ruwa don wanke daɓe, Hayatu ya ƙame. Dauda ya suri bokiti.

"Baba Sarki, ajiye!" in ji ta. "Mutumin da kogi ya ci ƙaninsa, shi kuke wa magani da ruwa?"

Dauda ya dubi bokitin, ya dube mu. "To Madam, ai ba wanda ya faɗa mana."

Ta sa aka dakata da wankin. Ba ta kama Hayatu ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa dutsen wasa wuƙa cikin hannun hagu.

"Malam Hayatu, wannan mene ne? Da sanyi ko da ɗumi? Yau wace rana? Wannan naman fa, ina ne a jikin bijimin?"

Can ya ce, "Tozo ne." Ya numfasa. "Kuma wanda ya yanke shi bai iya ba."

Mayanka ta ɗauki dariya, domin Dauda ne ya yanka.

Ta ce mana ba hauka ba ne. Hankali ne ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya gudu ya ɓuya, kuma lallaɓa shi ake yi ya dawo. Addu'a ku ci gaba, in ji ta, bokiti ne ban yarda ba. Ta roƙi Dauda ya ɗaga wa Hayatu ƙafa na wata uku, kada ya karɓe wuƙar. Kowace Talata Hayatu na zuwa su zauna, ya ba da labarin kogin gwargwadon abin da zai iya, in ya fara nisa ta dawo da shi. Wata uku suka zama bakwai, Dauda bai ƙirga ba. Jiya da safe Hayatu ne ya feɗe mini bijimi biyu, ya wanke wurinsa da hannunsa.

Madam, ke ce mai kiran wanda ya yi nisa har ya amsa. Ba addininmu ɗaya ba, amma mahautan Garwa na sa ki a addu'a. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma 'yan baya masu farar riga, in an kawo muku irin Hayatu, ku yi yadda ta yi: kafin ku taɓa shi, ku tambayi iyalinsa abin da ya gani.