Hamidu da Fatar Cikin Faranti

Hamidu mutumin Dangora ne. Rabin rayuwarsa a fadama ya yi ta, yana renon irin tumatir. Da gwiwa ta gaza, wani ɗan'uwa ya samo masa aikin shara a wani ɗakin bincike a Kano. Ba mai surutu ba ne. Ya share, ya goge, ya kama gabansa.

A ɗakin akwai wani akwati kamar firji, amma ɗumi yake yi. Malama Ramla, mai binciken, ta ce a ciki take renon ƙwayoyin fatar mutum a 'yan farantai, ko wata rana a rufe ciwon ƙuna da su. Kowane faranti da 'yar na'ura kamar ƙwayar wake, ba igiya ba komai, tana aika labarin ɗumi da girman ƙwayoyin zuwa wayarta.

Abin ya tsaya wa Hamidu a rai. Fata a faranti? Shi dai a saninsa, iri in an lulluɓe shi da ciyawa, sai an ɗaga ciyawar da safe ya sha iska, in ba haka ba ya ruɓe. Don haka kullum in ya zo shara sai ya buɗe akwatin, ya leƙa, ya bar shi ya ɗan sha iska. Bai taɓa ganin komai ba sai ruwa ja-ja.

Ƙwayoyi suka fara ja da baya. Shugaban sashe ya ce in wannan zubin ya mutu, an rufe aikin ke nan.

Malama ta kira Hamidu, ta nuna masa layin da ke nuna ɗumin akwatin a wayarta, wanda ke faɗuwa kowace safiya.

"Baba, wa ke taɓa akwatin nan?"

"Ni ne. Iska nake ba su."

Ta dafe kai. "Baba, za ka kashe ni! Tasu iskar a ciki take. Tamu cuta ce gare su."

"To ke ta ina kike ganinsu?"

"Ga shi kana kallo."

Bai tsaya dogon ban haƙuri ba. Ya yago tsumma ya ɗaure hannun ƙofar, kowa ya zo buɗewa sai Hamidu ya tambaye shi ko Malama ta sani. Kullum da safe sai ya jingine tsintsiya ya ce, "Mu ga layin." Layi ya miƙe, ya fara hawa, aiki ya tsira.

Da ya je gida hutu, ya tsuguna bakin inda ƙaninsa Ghali ke renon iri, ya kai hannu zai ɗaga ciyawa, sai ya tsaya.

"Ghali, anya in aka binne 'yar na'urar nan mai kamar wake a nan, ba za ta gaya mana halin da irin yake ciki ba?"