Buji Huɗu a Gwangwanin Madara

Babana bai taɓa yanke farcen babban yatsansa na dama har ƙasa ba. Yakan bar shi ya ɗan zarce, baƙi ƙirin, ga kauri, kuma duk faɗan da inna ta yi a kan farcen nan ya tashi a banza. Da shi yake auna bakin buji, wato filogin mota. Ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Dogon Dutsi da Dogon Kiriya, bai taɓa yarda da ma'aunin ƙarfe na makanikai ba. Sai ya kwance buji, ya wanke da isansi, wato fetur, ya goge baƙin da burushin waya, sannan ya zura farcen tsakanin 'yar ƙugiyar nan da tsinin da wuta ke fita. In farcen ya shige sako-sako, baki ya yi faɗi ke nan, sai ya ɗan ƙwanƙwasa ƙugiyar a kan dutse. In ya ƙi shiga, ya ɗaga ta da bakin wuƙa.

Da na fara aikin ungozoma, shi ya zaɓar mini wata ƙaramar tsohuwar mota. Duk ƙarshen wata in na zo gida, ko ruwa ban sha ba ya buɗe kanta. Ni kuwa in tsaya ina mita, ga yunwa, ga rana. Yau da zan samu tsayuwar nan, wallahi sai in wuni a wurin ban ce uffan ba.

Sai idonsa ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, kuma ni da nake aikin lafiya ban lura da wuri ba, abin da har yanzu yake cina. Ya bar tuƙi, ya bar tasha, masu zuwa hira suka ragu. Aikin da ya rage masa a duniya shi ne bujin motata. Na koyi kwancewa da kaina, in kawo masa su huɗu a kan tabarma, ya yi ta shafawa yana tsaki, yana cewa ƙafata ta yi nauyi a kan totur. Inna ta ce ranar da zan zo tun da hantsi yake sa a ɗauko masa dutsen da wuƙar.

Da aka mayar da ni wani ƙauye bayan Dogon Kiriya, 'yar motar ta kasa rairayin hanyar. Na sayar da ita, na sayi wata mai shan gazuwal, wato dizal. Ita kuwa motar gazuwal ba ta da bujin da ake gyara wa baki. Na rasa ta inda zan fara gaya masa. Sai na roƙi wanda ya sayi tsohuwar ya bar mini bujinta huɗu, na zuba su a gwangwanin madara.

Kafin in taho gida sai in ɓata su da kaina, in buɗe bakin biyu, in danne biyu, in shafe su da baƙin tukunya da ɗan mai. Motar kuma in aje ta can bayan injin niƙa, in tako da ƙafa, don na san in ya ji kukanta sau ɗaya asirina ya tonu. In ya tambaya, in ce lungunmu ya lalace. Kusan shekara ina wannan ƙaryar, ni da ban iya ƙarya ba.

Wata rana da bazara na shigo jiƙe da zufa, ina haki. Ya karɓi gwangwanin, ya gyara na farko, ya gyara na biyu, sannan ya ɗago kai wajen da yake jin numfashina. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, baƙin tukunya daban, baƙin inji daban," ya ce. "Kuma zanenki warin gazuwal yake tun damana. Don mi kike wahal da kanki cikin wagga rana? Tahi ki kawo ta ƙofar gida in ji ta."

Kunya ta rufe ni. Na je na kawo motar. Na kama hannunsa muka fito, ya ɗora tafinsa a kanta tana kuka, ya daɗe yana saurare.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Wagga ba ta bukatata."

Muka koma tabarma, ya ƙarasa sauran biyun a hankali, ya rufe gwangwanin ya miƙo mini.

"Wata mai zuwa ki kawo su. Ki ɓata su da kyau, kina yi mini sauƙi."

Sau uku na ƙara kai masa. Na huɗun na riga na ɓata su, na shafa baƙin tukunyar, saura kwana biyu in kama hanya, ƙanena ya kira ni a waya, ya ce baba ya rasu. Suna nan cikin akwatina yadda na ɓata su.